Yadda Alhaji Mutallib Ya Kayar da Ɗan Kano

"Dillalin da zai cuce ni, uwarsa ba ta yi cikinsa ba tukuna."

Haka Alhaji Abdulmutallib, mai sayen hatsi a Funtua, ya shaida wa majalisarsu ranar da ya ƙuduri sayen gida. Ka san irin mutanen nan da ko gishiri suka saya sai sun ba da labarin yadda suka yi wa mai gishirin wayo. A gabansa ana ce masa Sarkin Dabara. In ya juya baya, Tulu.

Dabarar tasa kuwa ita ce: mai dillali ɗaya bawan dillali ne. Don haka ya ɗauki biyu, Mati da Almustapha, kowanne a ɓoye, bai san da ɗan'uwansa ba. Ya rantsar da su kada su kuskura su ambaci sunansa, don a ganinsa duk mai gidan da ya ji sunan nan sai ya ninka kuɗi. Shi ma ba zai taka ƙafa ya duba gida ba, kada a gan shi. A turo masa hoto ta waya.

Mati ya turo hoton wata ƙofa mai koren fenti, ya ce gida ne a bakin hanyar Bakori. Almustapha ya turo hoton tsakar gida da rijiya da bishiyar mangwaro, ya ce wannan a bayan makarantar firamare yake. Alhaji ya shafa gemu. Gida biyu a hannu, wanda ya fi araha shi zai ɗauka.

Abin da Tulu bai sani ba, ƙofar da mangwaron duk na mace ɗaya ne, Hajiya Raudatu, wadda ke son sayarwa ta koma wajen 'ya'yanta a Malumfashi. Dillali kuma ba ya zuwa tayi da mai saye marar asali. Mati ya ce mata nasa wani babba ne daga Abuja. Almustapha ya ce nasa ɗan canji ne daga Kano. Hajiya ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Wanda ya taya, sai ta ce albarka, ta faɗa masa abin da ɗayan ya taya.

Mati ya dawo yana haki, wai wani ɗan Kano ya hau kansu. Alhaji ya ce a ƙara. Washegari Almustapha ya zo, wai wani ɗan Abuja ya shiga gabansu. Alhaji ya ce nan ma a ƙara, baƙo ba zai zo garinsu ya taka shi ba. Kafin mako ya zagayo, ga ɗan Kano ya sake ɗagawa.

Ɗan Kanon nan shi ya fi tsaya masa a rai. A majalisa ba shi da zance sai nasa: ɓarawon zaune ne, kuɗin haram ne, daga jin tayinsa ma ka san jaki ne aka ɗora wa dukiya. Har garin Tsiga ya je wurin wani malami da rago, ya ce a roƙa masa Allah ya karya mai ja da shi a kan gidan nan, ya bar shi da sito wayam. Abokinsa Malam Abdulrahman ya ce masa ko zai je ya ga gidan da idonsa. Alhaji ya yi masa kallon da ake yi wa yaro.

Daga nan sai zuciya ta ci kasuwa. Masarar da ya tara da kaka, yana jiran ta yi tsada da damina, ya buɗe sito ya karyar da ita kaf. Ya ce wa Mati ya je ya yi tayin da zai sa ɗan Kano zawo. Hajiya ta ji, ta ce ta sallama.

Ranar biya, Alhaji ya sha babbar riga, ya kwashi majalisa gaba ɗaya su zama shaidu. Aka buɗe ƙofa mai koren fenti. Suna shiga ya yi turus. Ga rijiya. Ga mangwaro. A gindin mangwaron kuma ga Almustapha ya zabga tagumi, ya zo ganin ɗan Abujan da ya raba shi da la'ada.

"Alhaji, kai ma ka zo ganin azzalumin?" in ji Almustapha.

Mati ya ce, "Wane azzalumi? Wannan ai shi ne mutumin nawa na Abuja."

"Naka? Wannan ɗan Kanona ne."

Wata akuya na gefe tana ta tuƙa. Aka ƙirga, aka biya, don an riga an sallama gaban mutane. Dillalan biyu suka tsaya dama da hagu, kowa na jiran la'adarsa. Hajiya Raudatu ta leƙo daga ɗaki ta yi godiya, ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin masu saye biyu da suka dace da juna haka ba.

Malam Abdulrahman ya matso, ya rage murya daidai yadda kowa zai ji.

"Sarkin Dabara, sitonka fa?"

"Wayam," in ji Alhaji.

"To don Allah ka kai ni wurin malamin nan na Tsiga. Addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa."