Rasuwar Pocho, Mai Askin Ciyawar Doña Herminia

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai sauka ba, Doña Herminia Larrosa ta garin Minas tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Pocho, injin yankan ciyawa mai tuƙa kansa. Ya cika a bakin aiki, a gindin lemun tsami, hancinsa na kallon ciyawar da bai ƙarasa ba.

Marigayin ya shigo gidan ne a shekarar da Doña Herminia ta karye a ƙugu. A lokacin ne ɗanta Wilmar ya tsaya a fili ya yanke hukunci: "Mama, ranar da ciyawar nan ta kai miki gwiwa, sayar da gidan za mu yi, ki dawo wurina birnin Montevideo." Wato can saman bene, inda ko tukunyar fure sai an nemi izini. Pocho kuwa bai taɓa barin ciyawa ta wuce idon sawu ba. Albarkacinsa tsohuwa take kwana a ɗakin da mijinta ya gina.

An shaidi marigayin da haƙuri. Ba ya shan mate, shayin ganyen da mutanen ƙasar ke wuni suna zuƙa, ba ya kai gulma, bai taɓa cewa bayansa na ciwo ba. Wuni yake yana "zuuu" a hankali, in ya yi karo da dutse ya ce "ɗit-ɗit" ya juya abinsa, ba riƙo.

Ciwon ajali ya same shi da sanyin Yuli, lokacin hunturun ƙasar. Doña Herminia ta saƙa wa jikoki rigunan ulu, ta saƙa wa kare, to don me za a bar mai aikin gida tsirara cikin iskar nan? Ta saƙa masa ja, har da geza. Ashe ta ƙofofin da rigar ta rufe yake numfashi. Ya yi zafi, ya yi ƙauri, ya ce "ɗiiit" mai tsawo, shi ke nan.

Iyalan mamacin ba su da godiyar da za su miƙa wa kamfanin da ya sayar da shi. Ranar ciniki har gida suka zo, suna "ranki ya daɗe", suka cinye mata biskit. Ranar ciwo sai waya: danna ɗaya, danna biyu, saurari kiɗa. Da ƙyar aka samu mai rai, ita ma ta ce rigar ta kashe garanti, amma in an miƙa musu gawar za su rage kuɗin sabo. Doña Herminia ta ce: "'Yar nan, ku da kuka ƙera shi ba ku san ana sanyi a ƙasar nan ba? Ba ku zo dubiya ba, gawa kuke so? Ko ƙusa ɗaya ba za ku gani ba."

Marigayin ya rasu ya bar ɗakin cajinsa, da wayar da aka binne ta kewaye fili don nuna masa iyaka, da kare Bicho wanda ya rasa abin yi wa haushi. Ya kuma bar ciyawa, tana tashi ba kunya. Wilmar har ya bugo ta'aziyya, daga ta'aziyyar ya zarce tambayar ina ta kai. Tsoro ya kama tsohuwa a ranar, ba ta ɓoye ba. Da gari ya waye ta ɗauki sandarta ta tsallaka zuwa gonar maƙwabcinta Don Atilio.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi, bayan gashin nama. Za a cika cikin mamacin da ƙasa, a dasa masa fure, a ajiye shi a bakin ƙofa sanye da jar rigarsa, yana fuskantar titi. Daga nan magajiyarsa za ta kama aiki, wata tunkiya da Don Atilio ya bayar aro, wadda ta zo da rigar ulunta tun daga gida. Ba a gayyaci kamfani ba. An gayyaci Wilmar, ya zo da nama da burodi, in ya ga dama har da abin awo. Zai tarar da ciyawa a idon sawu, uwarsa kuma a kujerarta.