Rasuwar Ƙararrawar Tashar Bayan Masaƙa

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da na rasa inda zan ajiye shi, ni, tsohon mai kaɗa ƙararrawa na tashar jirgin ƙasa da ke bayan masaƙa, nake sanar da rasuwar abokiyar aikina, Ƙararrawa, wadda ta cika ranar Talata bayan doguwar jinya.

Marigayiyar tagulla ce zalla. Ta riga ni zuwa tashar, a hannun mahaifina na gaje ta. Ba ta taɓa yi wa matafiyi ƙarya ba. In ta ce "ƙalan, ƙalan", ma'aikatan masaƙa da na majema sukan ajiye kofin shayi su ruga, mata su janye 'ya'yansu daga kan dogo. Ita ta kira jirgin da ya kawo mini amaryata, ita ta sallami wanda ya tafi da ɗanmu.

Da masaƙa ta rufe, jirgi ya daina tsayawa, ban daina kaɗa ta da safe ba. Tsofaffin unguwa da ita suke tashi, ko da babu inda za su.

Ciwon ya fara ne da 'yar tsaga a leɓenta. Mai walda ya duba, ya girgiza kai. Muryarta ta yi ta dishewa, har ranar da na ja igiya ta ce "ƙwas", ta yi shiru.

Ta bar agogon tasha wanda ya daɗe da tsayawa, da benci mai ƙafa uku, da tarago guda da awaki ke kwana a ciki. Ta bar ni. Ta kuma bar tsohuwa mai abincin ma'aikata, wadda ta zo jiya har gida ta gode mini, wai ban taɓa kaɗa ta da daɗi kamar safiyar Laraba ba. Ni ma na ji, ina kwance.

Za a sauke ta ranar Asabar da hantsi, a tura ta a kura zuwa inda ciyawa ta haɗiye dogo, a binne ta a can. Masu sayen tsohon ƙarfe, an yafe musu zuwa gaisuwa. Sauran jama'a a zo da ƙafa, ta hanyar da ake bi zuwa aiki a da. Wanda ya ji an kira jirgi muna cikin tafiya, don Allah kada ya waiwaya.