Rasuwar Injin Iskan Bokitin Koto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wasu tambayoyi da har yanzu ba a amsa ba, Don Celestino Panta na unguwar masunta a garin Huarmey, ƙasar Peru, yana sanar da rasuwar injin iskansa, wanda ya shekara goma sha ɗaya maƙale a bakin bokitin koto.

Marigayin bai fi tafin hannu ba, batir biyu ne abincinsa. Aikinsa guda ɗaya ne, hura iska cikin ruwa don ƙananan kifayen koto su kai bakin teku da ransu. Kowa ya san halin kifin nan lenguado: yana kwance cikin yashi, idanunsa biyu a gefe guda, ba ya ɗagowa don mataccen abu. Sai koto ya wuce yana wutsil-wutsil a ƙugiya. Da wannan aka ci, aka sha, aka kai yara makaranta. Tun asuba ake jin muryar marigayin, zzzz, ɓul-ɓul-ɓul, bai taɓa cewa ya gaji ba.

Ranar Litinin lafiya lau aka rataye shi a bayan ƙofa. Da safiyar Talata ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Kafin a isa bakin ruwa, koto talatin sun juya ciki sama. Da mai gyaran rediyo ya duba gawar, ya tarar da cikinta cike da ruwan gishiri, sukurori biyu a kwance. Don Celestino bai yi karatu mai nisa ba, amma ya san inji ba ya kwance wa kansa sukuru.

Ba ya zargin kowa. Yana dai lura da cewa ƙanin matarsa, Fidencio, mai sayar da kifin roba na maƙalawa a ƙugiya, ya zo gaisuwa tun kafin a sanar, da kwalin hajarsa a hammata. Har yana cewa, “Haba yaya, ka gwada na roba mana. Lenguado ba ya tambayar takardar haihuwa.” Uwargida Doña Zoila kuma, wadda ta sha cewa ƙarar marigayin na sa mata ciwon kai, an ji ta tana waƙa a kicin.

Marigayin ya bar bokiti ɗaya, da tiyo, da sandunan fatsa biyu. Ya bar kuma Rómulo, babban ɗan gidan, mai shekara ashirin da biyu, wanda ya yi wa ubansa alkawarin ba zai shiga manyan jiragen kamun kifi na garin Paita masu yin sati uku a tsakiyar teku ba, muddin kamun bakin gaɓa na ciyar da gida. Da aka gaya masa rasuwar, bai tambayi yadda aka yi ba. Jiya uban ya ga jakar yaron a ɗaure ƙarƙashin gado. Ya mayar da ita yadda ya same ta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a bakin teku, gindin dutsen da aka saba jefa fatsa, da ƙarfe bakwai na safe. An gaya wa Don Celestino cewa motar Paita ma ƙarfe bakwai take tashi. Ya ce lokacin ba zai canza ba. Za a raba burodi da kofi. Rómulo ne zai ɗauki gawar, kuma ba za a binne ba sai ya zo, ko da rana za ta faɗi ana jira.