Yadda Ake Naɗa Wayar Sigarin Lantarki a Ce Sirace Ake Yi

Kai da ka yi alkawari a gaban surukinka cewa ka bar taba har abada, sannan aka dawo maka da matarka daga yaji, matso kusa. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka sha hayaƙinka a tsakar gida, matarka tana yi maka sannu.

1. Raɗa masa suna

Kada bakinka ya kuskura ya ce sigarin lantarki. Ka ce na'urar sirace ce ta zamani, wadda ba ta buƙatar bargo ko tukunyar ganye. Tun kwana uku kafin ka fito da ita ka fara tari, don magani ba ya riga ciwo zuwa gida.

2. Naɗa wayar

Samu siririyar wayar da ake ƙona ruwan sigarin da ita, ka naɗe ta a jikin ƙusa sau shida. Ka ɗaure fuska kamar mai gyaran agogo. In matarka, mu ce sunanta Ikilima, ta tambaya, ka ce kayan asibiti ba a barin su da datti.

3. Zaɓi lagwani

Audugar kemis kawai. Ta matashin kai rimi ce, babbakewa take yi. Lagwanin risho kuwa, na san wani a Zango da ya gwada, sati guda yana gyatsar kananzir. Kada ka cusa da yawa, kada ka yi rowa.

4. Zuba ruwa mai ƙamshin na'ana'a

Mai ƙamshin mangwaro zai tona ka, babu murar da ake yi wa magani da mangwaro.

5. In suruki ya zo

Nan ake son natsuwa. Zai iso daga Baure da mura, Ikilima kuma, saboda tausayi, za ta ce, “Baba, ga abin siracen maigidan, ka gwada.” Kana durƙushe, ba halin ƙwacewa.

Zai zuƙa, ya riƙe, ya saki ta hanci a hankali. Mai mura ba ya haka.

Zai dube ka ya ce, “Malam Kalilu, shekara talatin da na bar taba, amma ban manta yadda take ratsa ƙirji ba. Ikilima, ɗauko mayafinki.”

Na'urar kuma zai jefa ta a aljihun rigarsa, wai hujja ce.

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da alhakin abin da ya biyo baya, kuma kada a zo nemansa da rana, yana fama da hura gawayin girki. Wata biyu ke nan ina aika dattawa biko Baure. Jiya dai aka kawo amsa daga Baba. Maganar Ikilima, ya ce a ƙara haƙuri. Audugar kuma ta ƙone, in naɗo sabuwa in bai wa direban mota.