Mai Ɗana wa Jirgin Gas Ƙugiya

Wani masunci ne a bakin tekun Bonny, cika baki kamar shi ya haifi kifaye, alhali ko komarsa ta aro ce. Da ƙyar surukinsa Dagogo ya samo masa aiki a ƙaramin jirgin da ke raka babban jirgin masu neman gas. Aikin bai wuce korar kwalekwale daga hanya ba. Matarsa ta ce in aka koro shi daga wannan ma, ya nemi wani gidan.

Gogan ya ga jirgi na jan dogayen igiyoyi a ruwa, sai ya tambayi injiniyar da ke duba su, Madam Ibinabo.

"Madam, wane irin kifi kuke nema haka?"

"Ba kifi ba ne. Ƙara muke aikawa ƙasan teku, ta bugi duwatsu ta dawo, igiyoyin nan su saurara. Da haka muke gane inda gas ya kwanta."

Ya gyaɗa kai, ya koma gefe ya kama Dagogo da raɗa. "Kunya ce kawai, suruki. Ni ma duk ranar da ban kamo komai ba, cewa nake shan iska na fita. Igiya ba ƙugiya, wane sakaran kifi zai kama?"

"Ka rufa mana asiri, ba ruwanka."

Ina, tausayi ya riga ya kama wawan. Da aka tura su share tarkacen da ya maƙale wa igiya, ya faki ido ya jera mata ƙugiyoyi, kowace da ruɓaɓɓen kifi. Kafin azahar manyan kifaye masu haƙoran zarto sun taru suna cin biki, har da igiyar. Na'urori suka haukace, hoton duwatsu ya zama dambu.

Aka janyo igiya a tattaune, ga wani ƙato guda yana reto a jikinta. Da Madam ta ga ƙugiyoyin, ta gane aikin gogan ne, ta daka masa tsawa.

"Ka san igiyar nan ta fi ƙauyenku tsada? Aiki ya koma farko, haƙar rijiyar gas sai baɗi. Tattara kayanka, an kore ka."

Gogan ya dubi kifin, ya dube ta, ko gezau.

"Kora na ji, Madam. Amma a raba kifin tukuna. Jirgi naku, igiya taku, ƙugiya da basira nawa."