An Bar Korona Ana Dukan Sauro

Yau da hantsi na sha korar kare a ƙofar lopital, babban asibiti. Na taso tun daga Lamorde riƙe da kwanon kunun gyaɗa, na sauya takisi biyu, na haye gada kunu bai zube ba, amma gardin ƙofa ya ɗaga mini hannu kamar mai tsayar da amalanke. Na ce dubiya na zo wurin Inna Hafsat, mahaifiyar maƙwabcina. Ya ce da Zabarmanci, "Fofo, Baba, kala suuru, sai haƙuri. Ɗakin da take ko ɗanta ba ya shiga." Na ce to kunun fa? Ya leƙa kwano, ya ce shi kunu yana iya tsayawa. Na juyo da abina.

Bari ku ji labarin daga bakina, domin in kuka ji shi a bakin matan unguwa ba za su raga mini ni tela ba.

Mako uku da suka wuce Yakuba, ɗan Inna Hafsat, mai tuƙa takisi, ya kwanta: masassara, ciwon kai, gaɓoɓi kamar an daka su a turmi. Ya sha maganin palu, wato maleriya, har ya gaji. Sai ya je wani ɗan labo, aka huda masa yatsa, aka ɗiga jini a kan wani ɗan filastik, bayan minti goma sha biyar aka miƙo masa takarda mai hatimi biyu. Takardar nan kuwa wurina ta sauka, don ni Mijinyawa ni ne mai karatun nasara a layinmu. Aji biyu na yi a kwaleji kafin keken ɗinki ya kira ni, amma har gobe in takarda ta zo, ko ta ruwa ce ko ta wuta, ni ake nema.

Na goge tabarau, na gyara murya, na karanta: dengi, pozitif. Na ce, "Alhamdu lillahi! Ciwon sauro ne. Mutum ba ya shafa wa mutum."

Salima, matar Yakuba, tun ranar farko ta rufe mijinta a ɗaki, ta hana Inna shiga, saboda tsohuwar tana da ciwon sukari. Da ta ji fatawata sai ta ce, "Malam, amma fa tari shikai, kuma ya ce bai jin ƙamshin miya."

Na ce, "Ke Salima, ke kika fi takarda ko takarda ta fi ki? Hatimi biyu fa!"

Ta miƙo mabuɗi. Aka buɗe ƙofa.

Kun san dubiyarmu. Ba a yin ta daga bakin ƙofa, sai an shiga an dafa goshin mara lafiya, an zauna an faɗa masa sunan duk wanda irin ciwon ya kashe a ƙauye. Ƴan tasha suka zo, ƴan masallaci suka zo, aka dama fura ƙwarya guda, ludayi ɗaya yana zagayawa. Inna Hafsat kuwa, da aka raba ta da ɗanta kwana huɗu, ta ja tabarma ta zauna daidai kansa da mafici, tana kore masa sauro. Wuni take a nan, tana yi mini addu'a, wai Allah ya ƙara ilimi.

Kwana takwas bayan haka rabin layinmu na tari. Yakuba ya miƙe, ya koma kan takisinsa. Inna ce numfashi ya gagara.

A ranar ne Priska ta dawo daga Dogon Dutsi, inda ta je hutu. Ita ce nas ɗin da ke haya a gidan bayanmu, mace ce da ba ta iya lulluɓe magana ba. Ta sa aka ɗauki Inna zuwa lopital, aka yi mata gwajin hanci, korona ta fito ɓaro-ɓaro. Da maraice ta tarar da ni a shago ta ce, "Baba Tela, mi kuka yi haka?"

Na zaro takarda, don ni har lokacin ina da bakin magana.

Ta ce, "Gwajin wanga ba ƙwayar ciwon yake gani ba. Dakarun da jiki ke tayarwa in ciwo ya shigo, su yake gani. Kamar ka fito da safe ka ga ƴan sintiri da sanduna a layi: ka san an yi ɓarawo, amma ba ka san wane ne ba, ba ka ma san ko na jiya ne ko na bara ba. Wani lokaci korona na tayar da dakarun da gwajin zai ɗauka na dengi ne. Shi ya sa ake son a sake tabbatarwa da wani gwajin, kuma mai tari a duba hancinsa."

Na ce, "To me ya hana a rubuta haka?"

Ta ce, "An rubuta. Yana cikin kwalin kayan gwajin, a ƴar takarda mai ninki takwas, da Ingilishi, rubutu kamar ƙafar tururuwa. Wa kake jin ya karanta?"

A nan ne nake son in cire hula in jinjina wa iyayen gidanmu. Allah ya ja zamanin Mai Girma Sarkin Kwamitoci, wanda ya karɓo mana kwalayen nan a gaban masu ɗaukar hoto. Na gani da idona a talabijin: an ɗaure kwali da jan ƙyalle, an yanka da almakashin da ya fi nawa kaifi, an tafa. Daga nan aka yi taron bita na kwana uku a wani otel mai sanyi, an sha kafe safe da yamma, an raba jaka da biro. Ba na zargin kowa. Mutum ba zai iya riƙe kofi da hannu ɗaya, ambulan ɗin kuɗin zama da ɗayan, sannan a ce ya warware takarda mai ninki takwas ba. Hannu biyu Allah ya ba shi.

Ban tsaya a gunaguni ba, na sa babbar rigata na hau Plato, unguwar ofisoshin gwamnati. Ofis na farko suka ce su na sauro ne, korona tana hawa na biyu. Na hau, suka ce su na korona ne, takardata kuwa dengi ta ce, in sauka ƙasa. Na ce ai matsalar ke nan, ciwon sama ne ya sa rigar na ƙasa. Sakatare ya dube ni da tausayi ya ce wannan sai Galadiman Daidaita Tsakani, shi kuma ya tafi ƙasar waje taro kan yadda ofisoshi za su riƙa magana da juna.

Amma kada a ce ba a yi mana komai ba. Shekaranjiya wata mota kat-kat ta tsaya a ƙofar gidan Yakuba, mutum huɗu suka sauko da kayan feshi, wai sunan gidan ya fito a jerin masu dengi. Suka feshe ɗaki, suka feshe tsakar gida, suka feshe akurki. Kajin Salima bakwai suka riga mu gidan gaskiya. Shugaban tawagar ya ce aiki ya yi kyau, ya nemi a sa masa hannu.

Ina cikin rubuta wannan bayan la'asar sai na ga takisin Yakuba ta tsaya, babu fasinja. Ya shigo shago bai yi sallama ba, ya zauna a kan benci. Ya ce, "Malam, Inna ta cika."

Na buɗe baki in ce wani abu, ya riga ni. "Kar ka ce komi. Ba kai ba ne, takarda ce."

Na gode masa, amma na san takarda ba ta da baki, nawa ta ara. Salima da ba ta taɓa zama a bencin makaranta ba ta fi ni gaskiya, na rufe mata baki da hatimi biyu. Wannan da-na-sanin ni zan kwana da shi, ba Sarkin Kwamitoci ba.

Ya ce ya zo ne in ɗinka likkafani, don ba a ba da gawa sai gobe. Na ce to. Na ɗauko zare.

Yanzu haka wani sauro na ta yi mini kuka a kunne, na ɗaga hannu zan tafa shi sai na fasa. Je ka abinka, ɗan'uwa. A wannan shari'ar dai ƙazafi muka yi maka.