Kyamarar da Ta Share Ɗakin Kaka

"Lafiya ƙalau, sai kewarki, amaryata. Ya gwiwar?"

"Gwiwa tana nan, ta ma fi ka amfani. Shigo mana, ka toge a ƙofa kamar ɗan aike."

Kaka ce da babban jikanta, wanda take kira Zanƙalele saboda tsawon da ya yi babu nama. Sana'arsa gyaran firiji, amma zuciyarsa tana wajen ɗaukar hoto, abin da bai taɓa kawo masa ko sisi ba. Gobe Kaka za ta bar wannan ɗaki na saman bene, inda ta zauna tun tana da ƙuruciyarta. Gwiwa ta hana ta hawa matakala, kawun Zanƙalele ya matsa sai ta koma gidansa, mai gidan hayar kuma har ya sayo fenti. Abu ɗaya ta nema: a ɗauke ta hoto a ɗakinta yadda yake. Kafin nan, ta ce ko cokali kada a saka mata a kwali.

Zanƙalele ya ajiye wata baƙar jaka a kan gado a hankali, kai ka ce jariri ya kwantar.

"Kaka, yau kin taki sa'a. Ke ce mace ta farko da sabuwar kyamarata za ta kalla."

"Ai dole, wace mace ce za ta tsaya maka in ba ni ba? Ina 'yar tsohuwar taka ta da?"

"Na sallame ta. Ta tsufa, ta fara gani dishi-dishi."

"Au, haka kake yi wa tsofaffi? To ni wa za ka kai wa a canzo maka sabuwa?"

"Ke ai na tambaya, an ce ba a karɓar irinki. An daina yin kayan gyaranku."

"Ja'iri! Uban naka ma a hannuna ya samu mata."

Ya zaro kyamarar, ya zaro wani dogon gilashi, ya murɗa shi a bakinta har ya ce ƙas. Kaka ta ja da baya.

"Wannan kuma bututun ruwa ne ka kwanto a wajen aiki?"

"Bututu? Da wannan, daga tagar nan sai in ɗauko miki ƙudan da ke kan hancin mai shagon tsallaken titi."

"To ƙudan ne ya kira ka ko ni?"

Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta zauna a kujerarta ta gefen keken ɗinki, ta haɗe hannuwa a cinya. Ya kanga kyamarar a ido, ya ja baya taku ɗaya. Ya sake ja.

"Kaka, hancinki kawai nake gani."

"Ka gode wa Allah. A dangin ubanka kaf babu mai irinsa."

Ya ci gaba da ja da baya har ya fita ƙofa, ya wuce baranda, bai tsaya ba sai da ya sauka matakala biyu, yana riƙe da ƙarfen bene da hannu ɗaya.

"Zanƙalele! Hoton za ka ɗauka ko guduwa za ka yi? In ka faɗo daga benen nan ba zan yi maka takaba ba!"

"Yi murmushi, 'yammata!"

"Da waɗanne haƙoran?"

Sai ga dariya ta kufce mata, shi kuwa ya danna. Ya hauro da gudu, baki har kunne, ya durƙusa gabanta ya juyo mata da allon bayan kyamarar. Gaskiya hoton ya yi kyau. Fuskar Kaka ta fito tar, har 'yan gashin girarta ana iya gani, duk abin da ke bayanta kuwa ya narke ya zama hazo-hazo mai laushi.

"Kin gani? Wannan narkewar ta baya ita na daɗe ina nema. Saboda ita na rabu da waccan. Babu abin da zai ɗauke ido daga kanki."

Kaka ta sa tabarau, ta kawo allon dab da fuska, ta nisanta shi.

"Ina ɗakina?"

"Ga shi nan a baya."

"Wannan hayaƙin? Ina kekena? Ina agogon kakanka? Ina ƙofar da nake auna tsawonku da biro? Yaro, fuskar nan ai da ita zan tafi gobe, ko ina so ko ba na so. Ɗakin ne ba zai shiga mota ba."

Ba da wasa ta faɗa ba, kuma ya ji hakan. Kaka ta cire tabarau tana goge shi da bakin zane, ta daɗe tana gogewa fiye da yadda gilashin yake bukata. Tausayinta ya kama shi, ga kunyar cika bakin da ya yi. Ya koma ga jakar ya yi ta lalube har ƙasa, ya fito da wani ɗan guntun gilashi da ko ledarsa bai cire ba.

"Wannan ɗan mitsitsin fa?"

"Gyara aka ba ni. Ban ɗauka zai yi wani amfani ba."

"Haka muka ce da aka haife ka, ga shi har yau muna jira."

"Kin dawo ke nan. Zauna daidai, tsohuwa, kada ki motsa."

"Ina zan motsa da gwiwar nan? Tsaya tukuna. Ja labulen can, hasken yamma ya shigo. A'a, kada ka taɓa tsumman da ke kan keke, nan yake zama. Ƙusar nan ta bango ma ina son ta fito."

"Kaka, ƙusa?"

"Ta fi ka daɗewa a gidan nan, ka girmama ta."

Ya cire dogon gilashin ya murɗa guntun, ya matse kansa a kusurwar ɗaki, ya naɗe dogayen ƙafafunsa har gwiwa ta kai masa kunne, ya juya wani abu a saman kyamarar, ya danna. Ya leƙa allon, sai ya ɓata fuska.

"Kash! Bari in goge, in sake."

"Kawo in gani kafin ka yi ɓarna."

Komai ya fito. Keke da tsummansa, agogo, ƙusa, zane-zanen biro a jikin ƙofa, hasken taga a kan ledar ƙasa, da Kaka zaune a tsakiya. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Can a gefe, cikin madubin durowar kaya, ga Zanƙalele a tsugune, baki a buɗe, kyamara ta rufe masa rabin fuska.

"Kin ga, na faɗo a ciki. Ƙwararre ba ya fitowa a hotonsa."

"Ka goge, ni kuma in goge ka daga cikin jikokina. Wannan ƙwarangwal ɗin a ɗakin nan ya koyi tafiya, shi ma kayan ɗakin ne. Bar mini shi."

"To kin yarda kyamarar ta iya?"

Kaka ta fashe da dariya, tana share ido da bayan hannu.

"Na yarda, na yarda! Kyamara ta iya, mai ita ne dai sai addu'a. Ka wanko mini babba, wanda zan gani ba tabarau."

Ta dafa keken ɗinki ta miƙe, ta nuna bango.

"Ciro agogon nan, tunda Allah ya ba ka tsawo ya hana ka sauran. Naka ne, ladan aikinka. Yana makara, za ku shirya."

Ya ciro shi, ya rungume a ƙirji. Kaka ta dubi farar da'irar da ya bari a bango, ta gyaɗa kai.

"Kira kawunka. Ka ce su kawo kwalayen."